Kwanar da ta kayar da mu

Mako shida ke nan ba ku ji ɗuriyarmu ba, har wasunku sun aiko suna tambaya ko jarrabawa ce ta ɓoye mu. Ba ita ba ce. Faɗuwa muka yi da babur, hannun da muke riƙe biro da shi ya karye, sai makon jiya aka kwance mana ɗori.

Ranar wata Talata ce, muna da lakcar ƙarfe takwas, muka makara. Muka hau tsohon Boxer ɗin da Baba ya bar mana tun shigarmu jami'a, muka murɗa totur. Akwai wata kwana ta hannun dama da muke sha kullum, mun san ta kamar yunwar cikinmu. Ashe ruwan da aka yi da daddare ya kwaso yashi ya shimfiɗa a tsakiyarta. Sai da muka riga muka kwantar da babur sannan muka hango shi. Gabanmu ya faɗi, muka damƙe birkin gaba da ƙarfi. Kafin ƙiftawar ido tayar gaba ta zame, sai ga mu a kan kwalta, babur ya yi gabas, littattafai sun yi yamma.

Jama'a suka taru ana ta sannu. Wani bawan Allah ya rugo da gorar man birki zai tsiyaya mana a gwiwar da ta saɓule, wai yana tsayar da jini. Da kyakkyawar niyya ya zo, amma don Allah kada ku yarda a zuba muku man birki ko fetur ko baƙin mai a ciwo, lalata naman wurin suke yi. A asibiti da ruwa mai tsabta aka wanke ciwon, aka tsince yashin da ya shige ciki, aka yi mana allurar tetanus. Umma ta so a kira mai ɗori, Baba ya ce sai an ɗauki hoton ƙashi tukuna. Hoton ya nuna karaya a wuyan hannu, aka naɗe shi da filasta mai tauri kamar siminti. Likita ya yi ta nanata tambaya ko mun bugu a ka, ya ce in amai ya zo, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyi, a dawo da mu ko da tsakar dare ne. Kunya ta hana mu gaya masa cewa hular kwanonmu tana rataye a ƙusa a ɗaki. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular, lokacin da wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Mun sha yin dariyar wannan labari. Ranar nan mu ko ƙwaryar ba mu da ita.

Masu zuwa dubiya duk magana ɗaya suke yi: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya tsare gaba. Mun ce amin, kuma mun yarda da ƙaddara. Har mun fara sakankancewa cewa yashi ne kaɗai mai laifi, sai ranar da muka raka Yaya wurin bakaniken unguwarmu, hannu a rataye a wuya, don ganin abin da ya rage na babur.

Bakaniken bai fara da fitilar da ta fashe ko madubin da ya karye ba. Tsugunawa ya yi gaban tayar gaba ya ce, "Ɗan boko, matso. Shafa nan ka gaya mini abin da ka ji."

Muka shafa, sumul kamar ƙwai.

"To ina zanen?"

Muka yi shiru. Ya nuna mana wasu 'yan ƙananan tudu a cikin kwarin zanen tayar baya, ya ce masu ƙera taya ne ke sa su. Duk ranar da saman taya ya cinye har ya yi daidai da su, taya ta gama aiki. Ta gaba kuwa ta wuce nan tuni, ta suɗe. Sannan ya goge gefenta da tsumma ya ce mu karanta lambobi huɗu da ke cikin wani ɗan zagaye. Muka karanta 1417. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato an yi tayar a mako na 14 na shekarar 2017. Roba tana bushewa in ta tsufa, ta yi tauri, ta tsattsage, ko da ba a hau ta ba. Kamfanin Michelin ma cewa ya yi tayar da ta shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, wadda ta kai goma kuwa a cire ta ko zanenta bai cinye ba. Shekara biyu muna hawan babur ɗin nan, ba mu taɓa sunkuyawa mun karanta gefen tayarsa ba.

A nan ne darasin fiziks da muka haddace don cin jarrabawa ya dawo mana. 'Yan ajin kimiyya kun san mv²/r, ƙarfin da ake buƙata kafin abu mai tafiya ya bi lanƙwasa. A kan babur ba abin da ke samar da wannan ƙarfi sai riƙon da roba ta yi wa kwalta, a ɗan wurin da bai kai faɗin tafin hannu ba. Ku lura da ɗan 2 ɗin da ke saman v. Wanda ya shiga kwana da gudun kilomita 60 a awa yana neman riƙo ninki huɗu na wanda ya shiga da 30. Ko daga 30 zuwa 40 ne, buƙatar ta kusa ninkawa. Kuma riƙon nan ɗaya ne, daga cikinsa ake shan kwana, daga cikinsa ake taka birki. Mu mun shiga da gudu, mun kashe kusan duk abin da suɗaɗɗiyar taya take da shi wajen kwanciya, yashi ya rage saura, sannan muka nemi birki a kan abin da babu. Da tun a miƙe muka rage gudu, kafin mu karkata, da wataƙila tangal-tangal kawai za mu yi mu wuce.

Bakanike bai gama da mu ba. Ya danna kujerar babur da hannu biyu ya saki. Maimakon ta taso ta tsaya, sai ta yi ta rawa sama da ƙasa. Ya nuna mana danshin mai da ƙura ta manne a jikin shokazoban baya da ƙarafunan gaba. Da mun ɗauka aikin shokazoba bai wuce hana mutum ciwon baya ba. Ashe sifirin ɗin ne ke ɗaukar nauyi, man da ke ciki kuma shi ke hana shi yin tsalle, don taya ta zauna manne da ƙasa in an faɗa rami ko an hau gargada. In man ya tsiyaye, taya sai ta riƙa ɗagawa tana dira. A miƙaƙƙiyar hanya jijjiga kawai za ka ji. A cikin kwana kuwa, duk ɗagawar da ta yi ba abin da ke riƙe da kai.

Sai maganar kuɗi. Mun so mu sayi tayar gaba kawai, 'yar gwanjo, mu lallaɓa. Baba ya ce ko dai a gyara shi gyaran gaske, ko a jingine shi mu koma hawan A Daidaita Sahu. Kuɗin da muke tarawa don canza waya duk ya tafi, Yaya ya cika. Mun yi ƙunƙuni, ba za mu ɓoye muku ba.

A kasuwa wani mai shago ya so ya liƙa mana taya mai faɗi, wai ta fi kyau a ido kuma ta fi kama ƙasa. Bakanike ya hana. Ya ce a jikin tsohuwar an rubuta 2.75-17 a gaba, 3.00-17 a baya. Lambar farko faɗin taya ce da inci, ta biyu girman wili. In ka cusa wa siririn wili tayar da ta fi ƙarfinsa, siffarta takan canza, babur ya ƙi kwanciya yadda ya saba. Muka sayi daidai lambar, sababbi, bayan mun karanta shekarar kowace da idonmu, har da sabon tub. Shokazoban baya biyu aka canza tare, domin sabo da matacce ba sa tafiya daidai, aka kuma saita su a mataki ɗaya hagu da dama. A gaba aka sa sabon sil da sabon mai, aka duba ko ƙarafunan sun lanƙwashe, aka miƙe kan babur da ya karkace. Mun kuma sayi ɗan gejin iska. Mai facin layinmu da ɗan yatsa yake auna iska, wani lokaci ya ƙwanƙwasa da ƙarfe ya ce ta yi. Yanzu da safe muke aunawa kafin taya ta ɗauki zafi, mu bi adadin da kamfanin babur ya rubuta. Bakanike ya ja mana kunne cewa sabuwar taya tana da santsi, a bi ta a hankali kwanakin farko.

Mun san da yawanku kuna ɗaukar babur ɗin gida in an aike ku, wasu ma a sace, da goyon mutum biyu ko uku, ana gasar wa ya fi kwantar da shi a kwana har ƙarfe ya karci kwalta. Doka ba ta ba da lasin tuƙi sai mutum ya cika shekara 18. Mu mun haura 18, mun shekara biyu a kan hanya, kwanar kuma tamu ce ta kullum. Jarrabawar gwaji biyu muka rubuta da hannun hagu, rubutun kamar tafiyar kaza, ɗaya ma ba mu gama ba lokaci ya cika.

Abin da ba a sayarwa a kasuwa shi ne zuciya. Shekaranjiya muka fara hawa, da sabuwar hular kwano a ka. Tun daga nesa da muka hango kwanar hannunmu ya fara rawa, idonmu ya kafe a daidai inda muka faɗi, babur kuwa ya nufi can kai tsaye, domin inda ido ya kalla nan yake bi. Dole muka tsaya a gefen titi muka sauke numfashi. Muka juya muka sake zuwa. Wannan karon mun rage gudu tun a miƙe, muka sauko giya, muka saki birki, muka ɗaga kai muna kallon mafitar kwanar. Wani mai A Daidaita Sahu ya yi ta danna mana oda a baya, da ya zo wucewa ya leƙo ya ce, "Malam, koyo kake yi ne?" Muka ce masa e.

Wuyan hannun har yanzu ba ya lanƙwasuwa sosai, an ba mu motsa jikin da za mu riƙa yi safe da yamma. In Allah ya kai mu mako mai zuwa, za mu koma kan maganar cike fom ɗin JAMB da muka bari a tsakiya.