Baƙo ba ɓarawo ba ne

Jama'a, har yau kisan Uromi bai bar raina ba. A watan Maris 2025, mafarauta 16 'yan Arewa suna hanyar zuwa gida Sallah, aka tare su aka kashe, wai masu garkuwa da mutane ne. Zato kawai, ba bincike.

Amma mu ma fa? Baƙo ya shigo unguwa, nan take sai a ce infoma ne.

Ku tuna Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Filato. A 2018, da mahara suka afka wa yankin, Kiristoci 262 ya ɓoye a masallaci da gidansa.

Na yarda tsaro wajibi ne. Amma in ka zargi mutum, miƙa shi ga hukuma, don gobe kai ne baƙo a wani gari.

Allah Ya sa mu gane.