Masu Wasan Mota, Ina Motar Asibitinku?

Wata ranar Asabar da yamma ina dawowa daga Gyaɗi-Gyaɗi zan shiga gida Unguwa Uku, sai na tarar da cincirindo a wani fili bayan layinmu. Abokan ango ne ke wasan mota. Kun dai san abin: a taka totur, a ja birkin hannu, mota ta riƙa juyi kamar katantanwa, ƙura ta turnuƙe, yara na ihu. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na tsaya, har na ciro waya zan ɗauka. Can sai wata mota ta ƙwace wa direbanta, ta kwashi wani yaro da bai wuce shekara 12 ba.

Abin da ya biyo baya ne ya hana ni barci. Wani ya kama hannu, wani ya kama ƙafa, kan yaron yana reto. Wata baiwar Allah ta sheƙa masa ruwan leda a fuska. Aka lanƙwasa shi aka cusa a adaidaita sahu. Daga nan zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba wata tafiya ba ce, amma duk yawanmu babu wanda ya san cewa wanda mota ta buge ba a ciccibarsa haka nan sai an tallafe wuyansa da bayansa, domin in ƙashin baya ya taɓu, ɗaukar ma na iya shanye masa jiki. Wallahi ni ma a ranar ban sani ba.

Su masu tseren Formula 1 da muke kallo a waya, ai da jini suka koyi wannan darasi. A 1978 aka ɗauko wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, Farfesa Sid Watkins, ya zama likitan gasar. A shekarar ne Ronnie Peterson ya rasu bayan hatsari a Monza ta ƙasar Italiya, daga nan aka fara sa motar likita ta bi bayan masu tsere a zagayen farko. Ko da haka, a 1994 a Imola an rasa Roland Ratzenberger ranar Asabar, aka rasa Ayrton Senna washegari. Ba su soke gasar ba. Sai suka gyara kwanonin hanya, suka ƙara wa motoci ƙarfi, daga baya suka wajabta abin riƙe kai da wuya, a 2018 kuma suka kafa wani ƙarfe a saman kan direba. A 2020 a Bahrain motar Romain Grosjean ta rabe gida biyu ta kama da wuta. Ya yi kusan daƙiƙa 28 a ciki, ya fito da ƙafarsa, hannuwansa ne suka ƙone. Kafin ya fito likita yana tsaye a bakin wutar.

To mu fa? Na san wani zai ce a hana wasan kawai a huta. Ai ana hanawa. Kusan duk Sallah sai 'yan sanda sun ja kunne kan tseren mota da kilisa a titi, kuma ina goyon bayan a kama duk wanda ya mai da titin Zariya filin wasansa. Sai dai hanin bai kashe sha'awar ba, ya dai kora ta lunguna, inda yara suka fi yawa.

Ra'ayina shi ne hukuma ta ware fili a wajen gari, a kewaye shi da tsofaffin tayoyi, 'yan kallo su tsaya nesa. Kada a tada mota ko ɗaya sai an ga motar asibiti da ma'aikacin lafiya da tukunyar kashe gobara a wurin, direba da hular kwano da bel. Kuɗin kuwa masu wasan su biya. Wanda zai iya cinye taya huɗu a yamma ɗaya saboda bikin aboki, hayar motar asibiti ba za ta gagare shi ba.

Namu kason ya fi wannan sauƙi. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su gayyato 'yan Red Cross da jami'an kiyaye haɗurra na FRSC su koya mana taimakon gaggawa, ko da yini ɗaya ne a kowane zango: yadda ake tsayar da jini, yadda ake riƙe wuya, da abin da ba a yi. Lambar FRSC ta gaggawa 122 ce, ku adana ta yanzu.

Yaron nan ya rayu, alhamdu lillahi. Ina ganinsa wani lokaci a ƙofar gidansu, har yanzu da sanda yake tafiya.