Tabarau na Ƙwayar Ido da Ruwan Alwala

Da zarar mutum ya haura shekara 40, sai ya fara nisanta waya da fuskarsa kafin ya karanta saƙo. Tela a Unguwar Rimi kan gane haka ranar da zare ya ƙi shiga kafar allura. Ba cuta ba ce. Madubin da ke cikin ido ne ke taurara, ya kasa lanƙwasawa don ganin abin da ke kusa.

Akwai wani siririn tabarau da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, mai zobba a jere, wasu na kusa, wasu na nesa, ƙwaƙwalwa ta zaɓi hoton da take buƙata. Yana aiki, ko da yake da dare fitilun motoci kan yi wa mai shi gewaye kamar wata a hazo.

A Kaduna, babbar matsalarsa ruwa ce. Ƙa'idarsa kada ruwan famfo ko na rijiya ya taɓa shi, domin akwai ƙwayar cutar da kan maƙale a ƙarƙashinsa, ta ci ido har ta makantar. To, mai alwala sau biyar a rana, ga ƙurar hunturu, ina zai sa kansa?

Ga tela, tabarau na karatu ya fi sauƙi da aminci. Amma kafin ya saya a Kasuwar Gumi, ya kamata ya je Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Mando a auna shi, domin a wannan shekarun ne hawan jinin ido kan shigo ba sallama.