Ajiyar mota: haya ce ko amana?

Da zarar an gama girbi a ƙasar Bande, samari da magidanta sai su kama hanya. Wasu su bi titin Magariya su tsallaka Babura da Kano, wasu su yi arewa ta Damagaram har Agadas da gaba. Mai babur, mai ƙaramar mota, har da mai kamyo wanda aiki ya tsaya masa, kowa yana neman inda zai bar abin hawansa. A Amurka da Faransa akwai filaye na musamman inda ake ajiye motocin yawon shaƙatawa, masu gado da madafa a ciki, kuma ba a karɓar mota sai an sa hannu a takarda mai shafuka. Mu nan kangon wani attajiri ne, ko bayan garejin bakanike, ko gefen tasha. A yi musabiha, a miƙa mabuɗi, a ce sai Allah ya dawo da mu.

Tambayar da ba a yi a ranar ita ce ke kai mutane gaban sarki daga baya: shin fili aka ba ka haya, ko kuwa mota ka ba da amana? Kundin dokar zaman jama'a da Nijar ta gada daga na Faransa na 1804 ya raba su sarai. In haya ce, mai fili ya sayar maka da wurin tsayawa kawai. In aka kwance batir cikin dare, asarar taka ce. In ajiya ce, wadda aya ta 1915 da masu bi mata suka tsara, to wanda ya karɓa wajibi ne ya kula da motar kamar tasa, ya kuma mayar da ita. Idan yana karɓar lada, dokar ta fi tsananta masa. Aya ta 1930 ta hana shi amfani da abin ajiya ba da iznin mai shi ba. A nan ne rigima ta fi yawa, domin motar da aka ce tana hutawa sau da yawa ita ce ke kai awaki kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Malamanmu na mazhabar Malikiyya ma hukuncinsu bai yi nisa da wannan ba: mai amana ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, shi kuwa mai sana'a da ya karɓi kaya don ya yi masu aiki, nauyinsu yana wuyansa.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina ya fi kome cin mutane. A ce, a matsayin misali, an shirya kan dala 40 a kwana, wato sefa 200. Ga mai tafiyar wata guda, jika 6 ne, ba abin damuwa ba. To amma tafiya ba a hannun matafiyi take ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020. An sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Yuli 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Wanda irin rufewar farko ta riƙe shi wata 16, lissafinsa ya kai jika 96, kuɗin da kan iya cinye darajar tsohon babur. Kuma mai ajiya yana da ikon ya riƙe motar har a biya shi. Aya ta 1948 ta ba shi wannan, dokar jingina ta ƙungiyar OHADA, wadda Nijar take ciki tun yarjejeniyar 1993, ita ma ta san da shi. Riƙewa dai aka ba shi. Ba a ba shi ikon ya sayar da kansa ba, balle ya kwance injin ya ce ya fanshe bashinsa. Saboda haka mai hankali ya nemi farashin wata maimakon na kwana, ya kuma sa a faɗi abin da za a yi in wa'adi ya wuce.

A yankin nan naira da sefa tare suke yawo a aljihu ɗaya. Dole a ambaci da wane kuɗi aka yi ciniki. Dattawa ba su manta da Janairu 1994 ba, da aka rage rabin darajar sefa. Naira kuwa ta yi mummunar faɗuwa daga Yuni 2023. Kowace faɗuwa tana haifar da mutum biyu, kowa na rantsuwa cewa da ɗayan kuɗin aka shirya.

Kada kuma a dogara ga inshora, wadda direbobinmu ke kira asirans. Wadda dokar CIMA ta tilasta tana biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani ne. Gobara ko sata a kango ba sa cikinta, sai in ka sayi ƙarin kariya.

Takardar da ake bukata ba ta wuce shafi guda ba, da Faransanci, da boko ko da ajami. A rubuta lambar mota da ta ƙarfen jikinta, da kilomitan da agogo ya nuna, da yawan tayu har da ta ajiya, da wanda aka yarda ya tada injin, da wanda zai iya karɓar motar in mai ita bai dawo ba. Wannan na ƙarshe mutane ba sa son jinsa, alhali hanyar Sahara ta bar magada da yawa suna jayayya da mai gareji. Shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kofi, a ɗauki hoton motar da salula. Takardar mallaka kuwa ta zauna a gida, kada a bar ta cikin motar. In an samu saɓani, doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu. In ya gagara, sai kotun Magariya, inda alƙali zai fara da tambayar abin da aka rubuta.

Ita motar, a cire mata kan batir, a ɗora ta bisa duwatsu don tayu su huta, a toshe kafofin da ɓera ke bi ya ci wayoyi. In har za ta kai Yuli a wurin, a duba inda ruwa ke kwanciya a kangon kafin a zaɓa mata gefe.