Kasuwa Ba Ta Ta Da Matattu

Akwai masu cewa gwamnati ta janye hannunta daga sha'anin magani, wai kasuwa da kanta za ta hori mai ha'inci, gama wanda aka cuta ba zai komo saye ba. Wannan magana ta dace da cinikin atamfa. Amma uwa ba ta ganin dafi cikin kwalba. A 1990 ruwan farasitamol mai guba ya kashe yara 109 a Najeriya. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, aka yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu. Ashe, daga kabari mai saye zai koya wa ɗan kasuwa hankali? Lalle hukuma ta gwada magani tun bai kai teburin mai talla ba.