Zama a Kanada: Wanda Ya Ce Manitoba Za Shi, Kada a Gan Shi Montreyal

Tun shekarar 2023, lokacin da gwamnatin Kanada ta fara ware wani kaso na musamman ga masu jin Faransanci cikin tsarinta na Entrée express, maganar zama na dindindin a wannan ƙasa ta shiga bakin ma'aikata da ƴan kasuwa daga Yamai har Damagaram. Otawa ba ta ɓoye manufarta ba: tana son ƙara yawan masu Faransanci a jihohin da ba Kebek ba. Ta cimma kashi 4,4 cikin ɗari na sababbin mazauna a 2022, ta sa ma kanta burin kashi 6 a 2024, da kashi 8,5 a 2025. Ƙofa kuwa in ta buɗe haka, ba a rasa masu shigarta da gaggawa ba tare da sun karanta abin da aka rubuta bisa kanta ba.

Tambayar da ke yawan dawowa ita ce: mutum ya aika dosiyensa, ya rubuta garin da zai sauka, ana cikin jira sai ɗan uwa ya kira daga Montreyal ya ce ga ɗaki ga aiki, shin yana iya sauya zango? Masu ba da shawara a majalisun shayi sukan ce babu komai, ai tsarin mulkin Kanada ya ba kowa damar zama inda ya ga dama. Rabin gaskiya ke nan, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya saurin kai mutum rami.

Haƙiƙa, aya ta 6 ta kundin haƙƙoƙi da ƴanci na 1982 ta ba ɗan ƙasa da mazaunin dindindin ikon ƙaura zuwa kowace jiha da neman abinci a cikinta. Amma wanda dosiyensa ke hannun jami'ai bai zama mazauni ba tukuna. Mai roƙo ne, kuma abin da ya furta game da niyyarsa yana cikin sharuɗɗan da za a yi masa hukunci da su. Ƴan kasuwarmu na Maraɗi sun fi kowa sanin wannan: kayan da aka yi ma takardar wucewa daga tashar jiragen ruwa zuwa Nijar, in aka sauke su wani wuri, duwan ba ta tambayar ko cinikin can ya fi riba.

Sai dai ba dukan dosiye ne ɗaya ba, kuma a nan ne ya kamata a natsu. Wanda gwamnatin tarayya ta gayyata kai tsaye, ba tare da wata jiha ta tsaya masa ba, sauyinsa mai sauƙi ne. In ya rubuta Otawa daga baya ya ga Kalgari ta fi masa, sai ya sanar da ma'aikatar shige da fice a rubuce, ya ci gaba da jiransa. Sharaɗi guda ne bisa kansa: wurin ya kasance wajen Kebek.

Wanda kuwa jiha ta zaɓa, kamar Manitoba ko Ontariyo ko Nubo-Brunswik, nasa daban ne. Zaɓin jiha yana ƙara ma mutum maki 600 cikin 1.200 da ake auna masu nema da su, wato shi ne ya ɗauke shi daga ƙarshen layi ya kai shi gaba. Jihar ba ta ba da wannan maki don kyan fuska ba. Ta ba da shi ne domin tana bukatar malamin makaranta, ko ma'aikacin asibiti, ko makaniki, kuma mutumin ya sa hannu cewa can zai zauna. Ran da niyyar ta kau, ginshiƙin dosiyen ya kau. Jihar tana da ikon janye zaɓinta, jami'in tarayya yana da ikon ƙin amincewa, kuma har a filin jirgin sama, ranar sauka, ana iya tambayar mutum ina ya nufa, a ƙi tabbatar masa da zaman in amsarsa ta saɓa ma takardarsa.

Na uku, wanda ya fi shafar mu masu Faransanci, shi ne iyakar Kebek. Bisa yarjejeniyar 1991 tsakaninta da Otawa, Kebek ce ke zaɓen ma'aikatan da za su zauna cikinta, ta ba su takardarta da ake kira CSQ. Mai Entrée express ba ya iya juya akalarsa zuwa Montreyal da dosiyen da ke hannunsa, mai CSQ ma ba ya iya cewa Toronto ya nufa alhali Kebek ce ta zaɓe shi. Hanyoyi biyu ne, kowace da ƙofarta. Da Kebek ta dakatar da wasu shirye-shiryenta a watan Oktoba na 2024, sha'awar bi ta ƙofar maƙwabta don a faɗo cikin gidanta ta ƙaru. Wannan dabara kuwa doka tana da suna a gare ta.

Sunan shi ne ba da bayanin ƙarya. Aya ta 40 ta dokar shige da fice ta Kanada ta tanadi hukuncinsa, kuma tun 2014 haramcin ya tashi daga shekara 2 zuwa shekara 5. Ɓoye abin da ya canza yana cikin laifin, daidai da ƙirƙirar abin da babu. Mu lissafa asarar: kuɗin jarrabawar TEF ko TCF, wadda sakamakonta ke mutuwa bayan shekara 2; kuɗin tantance diploma; gwajin likita mai wa'adin wata 12; wani ma ya riga ya sayar da fili, ko ya ajiye aikin gwamnati. Duk wannan yana iya tafiya saboda amsa guda. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Za a ce: to, ɗan Adam ba ya canza ra'ayi? Yana canzawa, kuma ba kowane sauyi ne yaudara ba. Kamfanin da ya yi alkawarin aiki yana iya rufewa, aure yana iya shigowa, rashin lafiya na iya tilasta kusantar dangi. Wanda ya sauka Winifeg da zuciya ɗaya, ya kama gida, ya nemi aiki wata da watanni bai dace ba, sannan ya ƙaura, doka tana bayansa, musamman in ya adana shaidar ƙoƙarinsa. Wanda niyyarsa ta sauya tun yana gida, hanyarsa ita ce ya rubuta ma jihar da ma'aikatar, ko da hakan zai sa ya koma farkon layi. Jinkirin shekara guda ya fi korar shekara biyar.

Kada kuma mu ɗauka wajen Kebek jeji ne ga mai Faransanci. Nubo-Brunswik ita ce jiha ɗaya tilo da ke da harsunan hukuma biyu. Unguwar Sen-Bonifas ta Winifeg da garin Sadbiri na arewacin Ontariyo suna da makarantu da jama'a masu Faransanci tun kaka da kakanni. Wanda ya bincika kafin ya cika takarda ba zai wayi gari yana neman gudu daga zaɓin kansa ba. Tun ranar gini, tun ranar zane.

A ƙarshe, lamarin ya wuce na mutum ɗaya. Jami'in da ya ga dosiye bayan dosiye daga ƙasa guda suna faɗin wani gari suna sauka wani, zai dubi na gaba da idon zargi, kuma na gaban ƙanenmu ne ko ɗanmu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Kakanninmu fatake sun kai goro daga Gwanja, sun ci kasuwannin nesa, ba da takarda ba, da amana: in madugu ya ce zango kaza, can ayari ke sauka. Duk wanda zai ɗauki fasfon Nijar ya ƙetare teku, ya tuna alkawari kaya ne, kuma ba shi kaɗai ke ɗauke da shi ba.