Takardar Shaida Ba Ta Maye Gurbin Gogewa

Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, marubutan da sana'arsu ita ce rubuta littattafan jagora na injuna da manhajojin kwamfuta suka shiga zullumi, domin na'ura tana tsara irin wannan rubutu cikin ƙiftawar ido. Wannan ya sa wasunsu suka karkata ga kwasa-kwasan intanet don su zama masu nazarin harkokin kamfanoni, watau masu binciko ainihin abin da kamfani ko hukuma ke bukata kafin a gina mata sabon tsarin aiki.

Ko shakka babu, wannan shawara tana da ma'ana. Wanda ya saba zama da injiniya yana yi masa tambayoyi, kana ya mayar da bayani mai sarƙaƙiya ya zama mai sauƙin fahimta, ya riga ya mallaki rabin sana'ar. Abin da ya rage masa shi ne sanin yadda ake zana matakan aiki, da auna riba da hasara, da sasanta shugabannin sassa idan bukatunsu suka ci karo.

To, amma akwai abin lura. Ƙungiyar IIBA, wadda aka kafa a Toronto ta ƙasar Kanada a 2003, ba ta ba da babbar takardarta ta CBAP sai ga wanda ya yi awa 7,500 yana wannan aiki cikin shekara 10, ta CCBA kuwa sai an cika awa 3,750 cikin shekara 7. Ashe ke nan kwas na 'yan makonni share fage ne kawai, kuma duk makarantar da ta yi alkawarin ƙwarewa nan take, kuɗin ɗalibi take hange.

Saboda haka wajibi ne ma'aikaci ko ɗalibi ya bincika kafin ya biya ko kwabo: shin manhajar karatun ta dace da littafin BABOK na ƙungiyar? Shin akwai aikin gwaji da malami zai duba? Haka kuma ya kamata shugabannin ma'aikatu su riƙa sa irin waɗannan marubuta cikin kwamitocin tsara ayyuka, domin a can ne za su tara gogewar da allon kwamfuta ba zai ba su ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.